Yayana Ya Ƙwace Maganin Baba, Wai Shi Ke Cinye Masa Huhu

Gwaggo Aina'u,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimaka mini da shawara, kuma ki yi da wuri, domin abin da ke gabana ba ya jiran wani mako. Ina rubuto miki wannan saƙo a waya, zaune a bakin ƙofar ɗakin mahaifina, ina jin yadda numfashinsa ke fita da ƙyar, kuma ni aka ce na jawo. Kada ki buga sunana. Sunan yayana ma na canza, ba don ya ci a rufa masa asiri ba, sai don albarkacin wadda ta haife mu.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Dawakin Tofa, inda gona ke manne da katanga, in ka yi tari a gidanku maƙwabta su yi maka sannu. Aure bai kai ni nesa ba, gonar dawa ɗaya ce tsakanin gidan mijina da gidanmu. Innarmu ta daɗe da rasuwa. Mu biyu muka rage wa Baba, ni da Yaya Abdulkabir, wanda yake harkar hatsi a Dawanau, can yake zaune da iyalinsa. Ni ce wanki, ni ce girki, ni ce kwashe abin da ba a faɗa. Shi kuma ranar Alhamis da yamma zai hawo babur da ledar dabino da kankana, ya yi shan ruwa da Baba, a yi Isha ya kaɗe rigarsa ya koma. Gari kuwa ya ɗauka, wai Malam ya haifi ɗa mai albarka.

Baba shi ne ladanin masallacinmu tun kafin a kawo lasifika. Matan unguwannin da ke bayan gonakinmu da muryarsa suke tashi asuba. Mutum ne mai ƙirji, yana jan kiran sallah har ka zaci ba zai sauke ba. Sai hannunsa na dama ya fara rawa, carbi na karkarwa ko ba ya ja. Daga nan fartanya ta gagare shi, ƙafarsa ta riƙa maƙalewa a dokin ƙofa, fuskarsa ta daskare har yara suna cewa Malam ya daina dariya. An ce iska, an ce sammu, an sha rubutu, an yi tofi. Da na ga abin gaba yake yi, na lallaɓa shi muka je babban asibiti a birni. Likita ya ce ciwon Parkinson ne, ba ya warkewa, amma akwai ƙwayar da ke sassauta shi, a sha sau uku a yini, safe da rana da yamma.

Gwaggo, da kin ga Baba bayan ya fara sha, da kin yi hamdala. Ya koma yin alwala da kansa, yana takawa masallaci ba mai riƙe shi. Kiran sallah dai an riga an ba wani, amma ranar da ya tayar da iƙama da bakinsa, ina tsakar gida na ji, na zauna na yi kuka. A lokacin Yaya har a majalisa yake cewa mun kai Baba asibiti. Mun, Gwaggo. Mutumin da ko hanyar ɗakin likitan bai sani ba.

Baba yana azumin Litinin da Alhamis tun kafin a haife ni. Da ciwon nan ya raba shi da gona, ya raba shi da kiran sallah, sai ya ce mini wannan kaɗai ya rage masa tsakaninsa da Ubangijinsa, kada in kuskura in gaya wa likita, domin nafila ba a tallarta. Ni kuwa wa ya isa ya hana shi? Sai na tsara masa yadda ba zai yi asarar ko ƙwaya ɗaya ba. Ta safe ya sha da sahur. Ta rana ba na bari ta wuce a banza, ina ajiye ta, in an kira Magariba in haɗa masa da ta yamma ya sha da ruwan buɗa-baki, kamar dai yadda ake rama sallar da ta kuɓuce. Na faɗi wannan ne don ki san ba sakaci nake yi ba. Tunda aka rubuta maganin nan ban taɓa bari ƙwaya ta yi kwantai ba, kuma ba wanda ya taɓa ce mini sannu.

To, a 'yan watannin nan sai matsalar numfashi ta ɓullo. Ba kullum ba, wasu ranaku lafiya lau, har ya zauna gindin darbejiya yana tsokanar jikoki. Amma wani lokaci bayan La'asar sai ya ce ƙirjinsa kamar an ɗaure da igiya, numfashin ya dawo sama-sama, gumi ya keto masa, ya ce in buɗe ƙofa alhali a buɗe take. Wani lokacin kuma bayan Magariba sai wani iri daban: wuya ya riƙa murɗewa, kafaɗa na tashi, yana haki ba tsari kamar wanda ya yi gudu, ya ja da sauri, ya tsaya, ya sake ja. Zuwa bayan Isha sai ya lafa, ya yi barci. Na ɗauka tsufa ne da gajiya, na ce in ranar komawa asibiti ta zo zan faɗa. Abin haushi, kamar da gayya, duk ranar da Yaya ya zo sai abin ya tashi a gabansa, har na fara cewa a raina ko shi ne yake goyo shi a bayan babur.

Alhamis ɗin da ta wuce waccan, abin ya tashi fiye da kullum. Yaya ya miƙe ya ce shi fa ya daɗe yana lura, duk sanda Baba ya haɗiyi ƙwayar nan, kafin a kira Isha sai ya fara neman ransa. Wai wani abokin kasuwancinsa ya gaya masa haka aka yi wa kawunsa, magani ya cinye masa huhu. Ya shiga ɗaki ya kwashe kwalayen kaf ya zuba a aljihu. Da na ce ya bari a tambayi likita, ta inda ya shiga ba ta nan ya fita ba. A gaban maƙwabta, da yaran unguwa suna leƙe ta kan katanga, ya ce na mai da ubana abin gwajin likitoci, wai don na yi sakandare ina ganin na fi kowa. Ya rantse in na sake ba Baba maganin, wani abu ya same shi, ba ni ba shi har gaban Allah, kuma zai gaya wa duniya ni na kashe shi. Bai tsaya nan ba, ya bi mijina har gona. Mijina, Allah ya ba shi lada, ya dawo yana sunkuyar da kai, wai maganar gidanmu ce, babba ya yanke, in yi haƙuri.

Washegari Yaya ya turo wani mai magani da ƙullin saiwoyi. A zuba a garwashi, a lulluɓe Baba da bargo ya shaƙi hayaƙin, wai zai buɗe ƙirji. Mutumin da tari ma yake gagararsa. Na tsaya ina kallo aka yi, hawaye na zubo masa ba ya iya sharewa. Shi mai umarnin yana Dawanau ana loda masa buhunan wake.

Yau fiye da mako ke nan ba magani. Baba ya zama kamar itace. Ba ya iya juyawa sai an juya shi, yawu na zuba, muryar da ke tashin unguwanni sai na kai kunnena bakinsa nake jin ta. In na ba shi kunu sai ya ƙware, majina na ƙara a ƙirjinsa ba ya iya fitar da ita, tun jiya kuma jikinsa ya yi zafi. Na kira Yaya na gaya masa, ya ce dafin ƙwayar ne ke fita, ai ga shi murɗewar nan da hakin sun daina. Gaskiya ne sun daina. Wanda ba ya motsi ina zai murɗe?

Akwai kati ɗaya na maganin da ya rage a ɗakina, Yaya bai san da shi ba. Kullum sai in ƙulle shi a bakin mayafina, in ratsa gonar dawa da shi, in wuni da shi a jikina, in koma da shi gida. Shekaranjiya Litinin ina goge wa Baba fuska ya dube ni, ya ɗaga yatsa da ƙyar ya nuna bakinsa. Wallahi ban sani ba, magani yake roƙona, ko cewa yake yana azumi kada in ba shi komai.

Ba zan ɓoye miki ba, na tsani yayana a yanzu. Amma abin da ke hana ni sakat shi ne, in fa gaskiyarsa ce? Ni ma da idona na ga hakin nan bayan an sha. In na ba shi a ɓoye ya cika a hannuna, ina zan sa kaina a garin nan? In kuma na bar shi a haka ina ƙulle da maganin a mayafi, me zan ce wa Allah? Ki gaya mini, in ba shi ko kada in ba shi.

'Yar ladan, daga ƙasar Dawakin Tofa

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Na tura miki wannan amsa ta waya tun ranar da saƙonki ya shigo, ina buga ta a nan ne don wasu gidajen da ke cikin irin halinku.

Farko, ku kai Baba asibiti yau, ba gobe ba. Na yi shekaru ina aikin jinya, kuma na sake tuntuɓar likitan ƙwaƙwalwa kafin in rubuto miki. Mai wannan ciwo da aka yanke wa magani farat ɗaya, ya sandare, yana ƙwarewa, ga zazzaɓi, yana cikin haɗari ta fuska biyu. Yankewar kanta tana iya jawo sandarewa da zafin jiki mai kisa. Kunun da yake ƙwarewa da shi kuma yana iya gangarawa huhu ya zama ciwon huhu. Ku daina hayaƙin nan yanzu. Kada ki ba shi komai a kwance, sai an tayar da shi zaune sosai, kuma in yana ƙwarewa ki dakata.

Katin da ke mayafinki, kada ki ba shi a ɓoye. Ba don maganin guba ba ne, sai don wanda ya yi fiye da mako bai sha ba likita ne zai faɗi yadda za a mayar da shi a kai, musamman da haɗiya ke ba shi wuya. Ki tafi da katin ki nuna musu.

Yanzu bari in gaya miki abin da na gani a wasiƙarki, kuma ki daure, domin ba duka zai yi miki daɗi ba. Ciwon Parkinson ba hannu da ƙafa kaɗai yake ɗaurewa ba. Naman da ke ɗaga haƙarƙari, da na maƙogwaro, da wanda ake tari da shi, duk yana ɗaure su. Maganin yana sassauta su ne na 'yan sa'o'i, shi ya sa aka raba shi sau uku. In ƙarfinsa ya ƙare a jiki, ƙirji yana iya ƙullewa, numfashi ya dawo sama-sama. In kuma ya yi yawa a lokaci guda, sai jiki ya kama motsin da ba a sa shi ba, har naman numfashi ya rikice, mutum ya yi ta haki ba tsari.

To ki koma ki karanta abin da kika rubuto. Wanda ya sha ƙwaya da sahur bai sake ba, zuwa La'asar ta ƙare masa, ga igiyar da yake ji a ƙirji. Da Magariba kuma ya haɗiyi biyu a kan cikin da ba komai, su hau masa gaba ɗaya, ga murɗewa da haki. Kin ce duk zuwan yayanki abin ke tashi. Yaushe yake zuwa? Alhamis, daidai shan ruwa. Ki tambayi kanki ko ranar Litinin ma ba haka ake yi ba, sai dai ke kaɗai ke gani. Ba zan yanke hukunci daga nesa ba, dole likita ya duba huhu da zuciya, domin asma da tarin fuka da ciwon zuciya duk suna kawo haki, kuma akwai wasu tsofaffin magungunan wannan ciwo da kan taɓa huhu, ko da yake ba kasafai ba. Suna da gwajin da ake hura iska a bututu kafin shan magani da bayansa. Amma zatona ya fi ƙarfi a kan lokacin shan, ba a kan ƙwayar ba. Magani ba sallah ba ne, 'yata, ba a rama shi. Wanda lokacinsa ya wuce, a tambayi likita yadda za a yi, kada a ninka.

Ban faɗi haka don in ƙara miki nauyi ba. Kin yi ne don kiyayewa, kuma ba wanda ya yi miki bayani. Amma ki ga inda ya kai mu: yayanki bai yi ƙarya ba. Abin da ya ce ya gani, ya gani, kuma ɗan da ya ga ubansa yana neman numfashi duk mako, tsoro zai sa shi yin abin da bai dace ba. Kuskurensa babba ne. Ya ƙwace magani ba shawarar likita, ya ci miki fuska a gaban jama'a, ya kawo hayaƙi, sannan ya bar ki da jinya. Haushinki yana kan hanya, ban ce ki haɗiye shi ba. Na ce ki ajiye shi gefe har Baba ya samu gado a asibiti.

Ki kira shi yanzu, kada ki fara da wanda ya yi laifi. Ki gaya masa maganar haɗa ƙwaya biyu da bakinki, domin bai sani ba, kuma ita ce za ta ba shi hanyar saukowa ba tare da ya ji an kayar da shi ba. Ki ce ya zo da kwalayen da ya ɗauka, ya shiga wurin likita da kansa ya faɗi abin da ya gani. In ya ƙi, ki je wa limaminku ko wani kawunku, ki gaya wa mijinki wannan ta wuce maganar gida, a samo mota a tafi. Ceton rai ba ya jiran izinin babban wa. Kuma ku duka biyu kun manta da mutum ɗaya. Baba yana da ransa da hankalinsa. Ki kai kunnenki bakinsa ki tambaye shi ko yana son a kai shi, ki faɗa wa yayanki amsarsa.

Saura azumi, kuma na san nan ne zai fi ciwo. A wannan karon dole likita ya sani, ko Baba ya ji haushi. Wataƙila a samu wani tsarin, wataƙila a ce ya bari. In an ce ya bari, kada ke ki isar masa, ki sa liman, abokin tafiyarsa, ya zauna da shi. Malamai sun yi bayani cewa marar lafiya an ɗauke masa ko na farilla, balle nafila, kuma wanda ya saba da wani aikin alheri ciwo ya hana shi, ana ci gaba da rubuta masa ladan. Kada ku bar shi hannu sake. Dabinon da yayanki ke kawowa, a riƙa miƙa wa Baba, shi ya raba wa masu azumi a ƙofar masallaci da hannunsa, ko yana rawa.

In Allah ya sa ya tashi, aka daidaita masa maganin, ki roƙi yayanki abu guda. Ya bar buhunansa ya zo ranar Laraba da hantsi, ya zauna gindin darbejiyar nan. Tunda ciwon nan ya fara, bai taɓa ganin ubansa a ranar da maganin ke aiki daidai ba, kamar yadda ke ma ba ki taɓa samun ranar da wani ya karɓe ki ba. Ki bar masa Baba ranar, ki ratsa gonar dawa ki je ki huta.

Allah ya ba Malam lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya mayar masa da numfashin da zai sake tayar da iƙama, kina tsakar gida kina ji, yayanki yana cikin sahu.

Gwaggo Aina'u